Yadda Ake Karɓar Baƙi da Shirya Liyafa da Kuɗi Kaɗan

Duk wanda ya taɓa tara mutane a gidansa, ko don murnar wani alheri da ya same shi ko don ya daɗe bai zauna da 'yan'uwa da abokai ba, ya san cewa kuɗin da aka ware da waɗanda aka kashe ba safai suke zuwa daidai ba. Idan aka zauna bayan taro ya watse aka bi sawun inda kuɗin suka shige, sai a tarar tsoro ya ci kaso mafi girma fiye da tsadar kaya: tsoron kada abinci ya kasa, tsoron kada wani ya ga an raina shi, tsoron kada a gwada da liyafar wane a ce an gaza. Wannan tsoro ne ke sa a ɗora tukunya ta uku alhali ta biyu ma ba za a cinye ta ba, shi ne kuma ke sa a ƙara sunaye goma a daren ƙarshe. Maganinsa lissafi ne, kuma ana yin lissafin da biro da takarda tun kafin a taka ƙofar kasuwa.

Abin da za a fara rubutawa shi ne iyakar abin da za a iya kashewa, wato kuɗin da idan sun fita ba za su taɓa kuɗin haya ba, ba za su taɓa na makarantar yara ko na magani ko na cefanen sauran kwanakin wata ba. Ni dai ra'ayina a nan ba shi da sassauci: kada a ci bashi don liyafa. Baƙi za su ci su sha su yi godiya su koma gidajensu cikin sa'o'i kaɗan, mai gida kuwa ya rage shi kaɗai da mai binsa har tsawon watanni, kuma babu wani masoyi na gaskiya da zai ji daɗin abincin da ya ci idan ya san abin da ya jawo. Bayan an tsayar da adadin, a cire kashi 10 cikin 100 a ajiye gefe kamar babu su, domin a ranar taro ba a rasa abin da aka manta, ko ƙanƙara ta narke, ko makamashin girki ya ƙare ana tsakiyar aiki. Abin da ya rage, kamar kashi biyu cikin uku ya tafi ga ci da sha, sauran ya ɗauki duk wasu buƙatu. Yana da amfani a ware kuɗin a wuri ɗaya, a ambulan ko a wani asusu dabam, saboda kuɗin da ake gani suna raguwa sun fi tsawatar wa mai kashe su.

Daga nan sai yawan mutane, wanda shi ne ginshiƙin lissafin gaba ɗaya, tunda kowane suna da aka ƙara yana zuwa da farantinsa da kofinsa da wurin zamansa. A rubuta sunayen waɗanda taron ba zai yi ma'ana ba idan babu su. A ja layi, sannan a rubuta waɗanda za a yi farin cikin ganinsu idan hali ya yi. Akwai rukuni na uku, wato waɗanda ake son gayyata don kawai gudun magana, kuma a nan ne ya kamata mutum ya daure ya tsaya, domin wanda aka gayyata don gudun bakinsa zai zo ya ci kuma ya yi maganar. Mutum goma sha biyu da aka kula da su sosai sun fi mutum arba'in da aka bari suna neman kujera da ido. Idan dangi da abokai suna da yawa har ba za a iya rage su ba, ana iya raba su zuwa ƙananan zama biyu ko uku a watanni dabam-dabam, nauyin ya rarrabu, kowa kuma ya samu lokacin hira da mai gida.

Gayyata ba ta buƙatar kuɗi. Kiran waya ko saƙon WhatsApp ya wadatar, kuma kiran ya fi daraja ga manya. Abin da ake buƙata a cikinta shi ne bayani ƙarara: ranar taro, lokacin farawa da na tashi, irin abin da za a ci, da kuma ko an haɗa da yara ko abokin rakiya. A roƙi kowa ya tabbatar da zuwansa kwana huɗu ko biyar kafin ranar, wanda bai amsa ba a sake tuntuɓarsa cikin ladabi. Mutane da yawa suna jin nauyin wannan tambaya, suna ganin kamar ƙididdige baƙo rowa ce, alhali rashin sanin adadi shi ne ke jefa mai gida cikin ɗaya daga cikin abubuwa biyu, ko ya dafa abin da ya ninka buƙata ko ya ji kunyar da yake gudu. Idan adadi ya tabbata, a ƙara masa kamar mutum ɗaya a kan kowane goma, a tsaya nan.

Lokacin da aka zaɓa yana da tasiri a kan aljihu fiye da yadda aka saba zato. Wanda ya kira mutane da ƙarfe 1 na rana ko 8 na dare ya ɗauki alkawarin cikakken abinci ko bai faɗa ba, domin sun zo da yunwa. Wanda ya kira su daga ƙarfe 4 zuwa 6 na yamma kuwa, ko da hantsi bayan an karya kumallo, abin taɓawa da abin sha sun ishe shi, kuma babu wanda zai ga an rage masa wani abu muddin an faɗa tun a gayyata. Taron rana yana kuma sauƙaƙa batun haske da na komawar baƙi gida. Sanya lokacin tashi ma kariya ce, saboda zaman da ya wuce sa'o'i uku yakan sa yunwa ta dawo, a shiga neman zagaye na biyu wanda ba ya cikin lissafi.

Batun wuri ba ya buƙatar dogon bayani. Gida shi ne mafi araha, ko da ƙarami ne. A fitar da kayan da ba a buƙata zuwa wani ɗaki, a matsa kujeru jikin bango, a shimfiɗa abin zama a ƙasa idan kujeru ba su isa ba. Idan gidan ba zai ɗauka ba, a nemi aron farfajiyar wani makusanci, ko a duba wurin shaƙatawa na jama'a bayan an tambayi ƙa'idarsa. Tukwane manya, faranti, cokula, kuloli da kujeru duk abubuwan aro ne kafin a yi tunanin haya, balle saye. Sai dai aro yana da haƙƙi: a rubuta abin da aka karɓa da wurin wanda aka karɓa, a sa wa kayan kowa ƙaramar alama a ƙasa, a mayar da su a wanke cikin kwana ɗaya ko biyu, abin da ya fashe kuma a faɗa a biya ba tare da an jira tambaya ba. Mai yin haka ba ya rasa wanda zai ara masa gobe.

Yanzu sai abinci, inda mafi yawan kuɗi da mafi yawan kuskure suke. Shawarata ita ce a tsaya a kan babban abinci guda ɗaya, da abin haɗawa ɗaya ko biyu, da wani abu mai sauƙi na rufewa kamar 'ya'yan itacen da ake yayinsu. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli mutane suna zuba abinci: idan kala shida aka jera, kowa zai ɗebi kaɗan daga kowace kala har farantinsa ya cika ya tumbatsa, sannan ya bar rabi. Kowace kala kuma tana da kayan haɗinta da tukunyarta da wutarta da lokacinta. Kala ɗaya mai daɗi, mai zafi, wadda ta wadatar, ta fi kala shida da aka yi cikin gaggawa. A zaɓi abin da hannu ya saba da shi. Ranar baƙi ba ranar gwajin sabon girki ba ce, domin idan ya ɓaci an yi asarar kaya, ga shi babu lokacin gyara.

A gina abincin a kan abin da ke ƙosarwa kuma yake da sauƙin kuɗi, wato hatsi da dangin wake da dankali da kayan lambun da suke cikin kakarsu, nama kuma ya shigo a matsayin mai ba da ɗanɗano. Bambancin da ke nan babba ne. Idan za a ba kowa yankansa a faranti, babban mutum zai buƙaci kusan giram 200, amma idan aka yayyanka naman ƙanana aka dafa shi cikin miya tare da kayan lambu ko wake, rabin haka ya isa, kuma ɗanɗanonsa zai ratsa tukunyar duka. Sassan nama masu tauri sun fi araha, kuma su ne suka fi daɗi idan aka ba su lokaci a kan wuta marar ƙarfi, domin jijiyoyin da ke sa su tauri su ne ke narkewa su yi wa romo kauri. Kaza sukutum da aka yanka a gida takan fi wadda aka saya a rarrabe sauƙi, ƙasusuwanta kuma su ba da romon da za a dafa sauran abincin da shi.

Auna abinci shi ne ke kashe tsoron da na ambata tun farko. Ɗanyar shinkafa giram 70 zuwa 80 tana isar babban mutum idan akwai abin haɗawa, saboda idan ta dahu nauyinta yakan kusan ninka sau uku. Ke nan mutum 20 suna buƙatar kilo ɗaya da rabi ko ɗan sama da haka, adadin da mai dafawa da ido zai rantse ba zai isa ba. Busasshiyar taliya giram 80 zuwa 100 ce ga mutum ɗaya. Yaro ana lissafa masa rabin na babba. Wanda ba shi da sikeli yana da hanya mai sauƙi: kwanaki kafin taro ya dafa kofi ɗaya na abin da yake nufin dafawa, ya zuba a irin farantin da za a yi amfani da shi, ya ga faranti nawa ya cika, sai ya ninka. Wannan ɗan gwaji ya fi duk wani ƙiyasi, tunda da kofinsa da farantinsa aka yi shi. Batun kuma ya wuce aljihun mutum ɗaya. Rahoton da Shirin Kula da Muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar a 2024 ya ƙiyasta cewa an zubar da abinci sama da tan biliyan ɗaya a duniya a shekarar 2022, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na wannan ɓarna daga gidaje ta fito. Tukunyar da aka ƙara don tsoro, wadda ta kwana ta lalace, tana cikin wannan lissafi.

Kafin a fita cefane a buɗe ma'ajiyar gida a ga abin da ke akwai, domin sau da yawa mai da gishiri da kayan ƙamshi da rabin hatsin da ake buƙata suna nan. A tafi da rubutaccen jeri kuma a tsaya a kansa. Busassun kaya a saye su da wuri, lokacin da ake da sararin zagayawa a gwada farashi, masu saurin lalacewa kuma a bar su sai ana gobe. Sayen sari yana da riba ne kawai idan abin da ya rage zai shiga girkin gida daga baya; babban buhun abin da ba a saba ci ba asara ce ko da an yi rangwame. Duk abin da aka riga aka fere ko aka yanka ko aka soya, an ɗora masa ladan aikin wani, kuma wannan aiki ne da mutum biyu za su iya gamawa a gida cikin sa'a ɗaya suna hira.

Yadda aka raba abinci ma yana da nasa tasirin. Idan kowa zai zuba da kansa, a jera masu ƙosarwa a farkon tebur, nama a ƙarshe, ta yadda kafin a iso gare shi faranti ya riga ya ɗauki kaya. Mafi kyau ma a sa mutum ɗaya mai fara'a ya tsaya yana zuba naman, don na ƙarshen layi ya samu kamar na farko. Matsakaicin faranti ya fi babba, domin yana cika da wuri kuma wanda bai ƙoshi ba yana iya dawowa. Kada a fito da komai a tashi ɗaya. A bar kamar kashi ɗaya cikin uku a kan wuta ko a cikin kula, a riƙa ƙarawa, abinci ya ci gaba da zuwa da zafinsa, masu zuwa a makare kuma su tarar da rabonsu.

Abin sha na kwalba da na gwangwani yana cikin abubuwan da ke cinye kuɗi a ɓoye. Duk wanda ya taɓa kwashe shara bayan taro ya ga kwalabe nawa aka buɗe aka kurɓa sau biyu aka ajiye. Abin sha guda ɗaya da aka haɗa a gida cikin babban mazubi, tare da wadataccen ruwa mai sanyi, yana biyan buƙata a kan kaso kaɗan na wancan kuɗi. A ƙiyasta wa kowa kofi biyu a sa'ar farko da kofi ɗaya a kowace sa'a bayanta, a ƙara idan ana zafi. Ƙanƙara a fara haɗa ta kwana biyu ko uku kafin ranar, a manyan robobi, domin babban dunƙule ya fi ƙanana daɗewa bai narke ba. A yi ta da ruwan da aka amince da tsabtarsa, saboda daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta, tana dakatar da su ne kawai. Idan kofuna ba su da yawa, a sa wa kowane alama don mai shi ya riƙe abinsa har a tashi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma babu abin kunya a karɓar taimako. Idan makusanci ya tambaya me zai kawo, kada a ce masa ya bar shi alhali ana buƙata. A ambata masa abu takamaimai, kamar abin sha na mutum goma ko 'ya'yan itace ko ƙanƙara. Idan taron na abokai ne da suka saba da juna, ana iya tsara shi tun farko a kan cewa kowa zai zo da wani abu, amma mai gida ya riƙe babban abincin a hannunsa, ya kuma rarraba sauran da suna don kada mutum biyar su zo da abu iri ɗaya. A nan akwai wurin lura: wanda aka san hannunsa bai kai ba, kada a ɗora masa saye, a roƙe shi ya zo da wuri ya taya jera kujeru ko tarbar mutane, ya shiga cikin hidimar da mutuncinsa.

Akwai fanni ɗaya da ba a tsimi a kansa, shi ne lafiyar abinci, kuma girkin mutane da yawa ya fi na yau da kullum haɗari domin ana gama shi da wuri ya daɗe yana jira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 ke kamuwa da rashin lafiya kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 daga cikinsu kuma suna mutuwa. Ƙwayoyin cuta sun fi saurin hayayyafa a tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Selshiyos, wato daidai ɗumin abincin da aka sauke aka bari a kan tebur. Shawarar hukumar ita ce kada dafaffen abinci ya wuce sa'a biyu a zafin ɗaki, Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka kuma ta rage wannan zuwa sa'a ɗaya idan zafin gari ya haura digiri 32. Saboda haka mai zafi ya zauna da zafinsa a kan wuta kaɗan ko a rufaffiyar kula, mai sanyi ya zauna a firiji ko a kan ƙanƙara har lokacin ci. Nama, musamman kaza, ya dahu har ciki, ruwan da ke fita daga jikinsa ya zama garau babu ja. Wuƙa da katakon da aka yanka ɗanyen nama da su kada su taɓa kayan lambun da za a ci ɗanye sai an wanke su da sabulu, masu aikin kuma su wanke hannu da sabulu na kamar daƙiƙa 20 kafin su taɓa abinci.

Dafaffiyar shinkafa tana buƙatar kulawa ta musamman, abin da mutane da yawa ba su sani ba. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus wadda irinta ke jure tafasa, kuma idan shinkafar ta daɗe a ɗumi sai ta farfaɗo ta saki guba wadda ɗumamawa ba ta kashewa. Wanda ya dafa babbar tukunya da safe ya bar ta tana hucewa a hankali har yamma ya ba wannan ƙwayar cuta duk abin da take so. Idan dole ne a dafa tun ana gobe, a baza abincin a faffaɗan mazubai marasa zurfi don ya huce da sauri, a sa a firiji, washegari a ɗumama shi har ya yi tururi ko'ina. Haka nan a tambayi baƙi tun a gayyata ko akwai wanda jikinsa ba ya karɓar wani abinci, domin gyaɗa da madara da ƙwai da kifi da alkama da riɗi suna iya jefa wasu mutane cikin mummunan hali cikin mintuna, har da toshewar numfashi. Sannan gawayi da janareto ba sa shiga ɗaki ko rufaffen wuri ko kusa da taga, saboda suna fitar da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kisa.

Ado shi ne abin da za a fi ragewa ba tare da kowa ya lura ba. Wuri mai tsabta da iska da haske mai kyau da ƙyalle mai tsabta a kan tebur sun gama kusan komai. Abin da baƙo ke lura da shi ya kuma tuna shi ne banɗaki: a wanke shi, a tanadi ruwa da sabulu da abin goge hannu, a riƙa leƙawa lokaci-lokaci. A ajiye kwandon shara inda ido zai gan shi, a tanadi wurin wanke hannu kusa da abinci. Idan za a sa sauti, waya da ƙaramar sifika sun isa, a kuma rage shi yadda mutum biyu za su ji juna ba tare da ɗaga murya ba. Maƙwabta ma suna da haƙƙi, kuma sanar da su tun da wuri yana kawar da ɓacin rai. Yara idan suna cikin taron a ware musu gefe da abin wasa da wani babba mai sa ido, iyayensu su samu sukunin zama.

Duk wannan tsari amfaninsa shi ne ya 'yantar da mai gida a ranar taro. A raba aikin a kan kwanaki: aro da sayen busassun kaya a farkon mako, shara da gyaran wuri saura kwana biyu, yanke-yanke da jiƙe-jiƙe da haɗa abin sha ana gobe, ta yadda ranar kanta girki ne kawai ya rage. A yi niyyar gama komai sa'a ɗaya kafin lokaci, a yi wanka a sauya kaya a zauna a huta. A samu mutum biyu amintattu, ɗaya ya riƙe kicin ɗaya ya riƙe ruwa da abin sha, don mai gida ya tsaya a ƙofa ya tarbi kowa da sunansa, ya haɗa wanda bai san kowa ba da wanda za su yi hira, ya lura da dattijon da ke buƙatar kujera mai jingina da wanda ya takure a gefe. Da aka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, irin wannan ake nufi, kuma mai gidan da ya kwana yana girki ya wuni yana zufa a gaban tukunya ba shi da fuskar da zai shimfiɗa. Ina kuma roƙon mai masauki ya kame bakinsa daga ba da haƙuri a kan abincinsa. Faɗin cewa ba yawa, ko a yi haƙuri da abin da ya samu, yana jawo hankalin baƙo ga gibin da bai gani ba, yana kuma sa shi jin nauyin ƙarawa.

Wani lokaci duk da lissafi mutane sukan fi yadda aka zata. Don haka yana da kyau a ajiye wani abu mai saurin dahuwa, kamar taliya ko ƙwai, wanda idan ba a taɓa shi ba zai shiga cefanen gida. Idan aka ga alamar taro ya yi yawa, a sanar da mai zuba abinci cikin sirri ya rage hannu tun daga farkon layi, a ƙara wa miya kayan lambu, a yanka 'ya'yan itace ƙanana, mutanen gida kuma su jinkirta cin nasu. Idan aka yi haka cikin natsuwa, da wuya wani baƙo ya gane an shiga matsi.

Baƙon kwana lissafinsa dabam ne, amma tushen ɗaya ne. Shimfiɗa mai tsabta, tawul, ruwan sha a kusa, wurin ajiye kaya da wurin cajin waya su ne buƙatunsa. A yi masa abinci na musamman sau ɗaya, ranar da ya sauka, daga nan ya ci abin da gida ke ci, domin baƙon da ya ga ana wahala dominsa kullum ba ya sakewa. Tambayarsa kwana nawa zai yi, idan aka yi ta da fara'a da nufin shirya masa, tana taimakon ɓangarorin biyu.

Bayan an watse, abincin da bai wuce sa'o'in da aka ambata a waje ba a raba shi nan take: wani a ƙulla wa masu taya aiki da maƙwabta, wani a sa a firiji a cinye cikin kwana uku ko huɗu, wanda ya daɗe a buɗe kuwa a zubar ko da ana jin zafin asararsa. Kafin a kwanta, ko washegari da safe tun abin yana sabo a ƙwaƙwalwa, a ɗauko takardar da aka fara lissafi a kanta a rubuta mutum nawa aka gayyata, nawa suka zo, kofi nawa aka dafa, me ya ƙare da wuri, me ya yi saura, nawa aka kashe a kan kowane fanni. A ajiye ta inda za a same ta, domin da ita za a fara lissafin taro na gaba.